Tauraro Ɗaya a Kan Kifin Baffa

A daminar da ruwa ya cinye hanyar da ta tashi daga Haɗejiya, har motoci suka koma yin zagaye, wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba ta kira ni macuciya a bainar jama'a.

A lokacin da safe ina koyarwa a makarantar firamare, da yamma kuma ina sayar da bandar kifi ta waya. Kifin ba nawa ba ne, na Baffa ne, ƙanin mahaifina, wanda ya ƙi dawowa gari ya zauna a ƙauyenmu na gefen fadamar Baturiya. Shi yake kamun, matarsa da muke kira Inna ita take tsayawa a kan banda. Dillalai ne suke bin sa har bakin ruwa su yi masa sayen wulaƙanci, saboda sun san ba shi da inda zai kai. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na sa kifin a wata manhajar saye da sayarwa. Tsarinta mai sauƙi ne. Mai kaya ya sa hoto da farashi, mai so ya biya, a aika masa a mota. In kaya sun isa, mai saye ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya gani, duk wanda ya shigo ya karanta. Shi ma mai sayarwa yana da wurin da zai faɗi yadda ya ga mai saye, amma kusan ba mai taɓa wurin. Kowa yana tsoron ɓata wa kwastoma rai.

Ba na gudun a faɗi aibin kayana. Tun farkon farawata wani malami a Zariya ya saya, ya fara yi mini magana ni kaɗai, ya ce kifi ya yi daɗi amma kwalin ba shi da ƙwari, rabin tarwaɗar ta farfashe a hanya. Daga baya ya ba ni taurari uku, ya rubuta daidai abin da ya gaya mini, bai ƙara ba bai rage ba. Na sauya kwali, na koma shimfiɗa takarda tsakanin kifin. Har yau mutumin nan yana saye a wurina. Don haka na san yadda ƙorafin gaskiya yake.

Ita wannan matar gidan abinci gare ta a Abuja. Ta sa odar babban kwali na tarwaɗa, ta biya nan take. Da na ga yanayin hanya sai na kira ta.

Na ce, "Hajiya, damina ce, hanyarmu kuma ta yanke. Motar za ta yi zagaye, za ta kwana a hanya. Ranar da direba ya kira ki, don Allah a karɓa a ranar. In an kai gida a buɗe kwalin a baza kifin ya sha iska. Banda ba ta son danshi, in ta daɗe a rufe fumfuna take yi."

Ta ce, "Malama, ni fa abinci nake sayarwa. Ba yau na fara sayen kifi ba."

Na ce to, Allah ya kai lafiya. Duk da haka na sake rubuta mata maganar a cikin manhajar, ta amsa da to.

Direban da nake ba wa saƙo dattijo ne ɗan unguwarmu, mutum mai amana. Da ya isa Abuja ya kira ni, ya ce matar nan ba ta ɗaga waya. Na kira, ni ma ba ta ɗaga ba. Can sai ga saƙonta: tana wurin biki a wani gari, za ta turo a karɓa. Ba wanda ya zo. Washegari ma ba wanda ya zo. Dattijon nan ya jira iya jiransa, lodinsa ya cika, dole ya juyo. Ya bar kwalin a rumfar 'yan kamasho, ya rufa masa leda saboda ruwan sama. Kullum sai na tuna mata, kullum sai ta ce gobe. Kwalin ya yi kusan mako a tashar nan, ana ruwa ana rana, kafin a zo a ɗauka.

Ina zaune a ƙarƙashin darbejiyar makaranta lokacin hutun tara na duba waya. Tauraro ɗaya ne, da hoton tarwaɗa ta yi fari fat da fumfuna. A ƙasa ta rubuta: "Ku yi hattara da wannan matar. Ruɓaɓɓen kifi ta aiko mini, wari kamar mushe. Mutanen ƙauye ba su san tsabta ba, abin da ba za su iya ci ba shi suke ɗura wa mutane. Macuciya ce."

Na karanta, na sake karantawa. Aka buga ƙararrawa na shiga aji, na rubuta darasi a allo. Ba fumfunar ce ta dame ni ba, na san dole ta fito. Kalmar ƙauye ce ta ci mini rai, da yadda ta share makon nan gaba ɗaya kamar ba a yi shi ba.

Kafin in isa gida ta turo mini wani saƙon, ni kaɗai. "In kin aiko mini da wani kwalin kyauta zan goge abin da na rubuta. In ba haka ba, kin dai san yadda kasuwar nan take."

Ta san kasuwar kuwa. A ranar mutum biyu suka janye odarsu. Wata ta tambaye ni a fakaice ko kifin nawa na bana ne. Daga nan wayar ta yi tsit.

Maigidana mutum ne mai son zaman lafiya. Da na nuna masa bayan la'asar, ya daɗe yana kallon hoton.

Ya ce, "Ki aika mata. Kwali ɗaya ne. Wanda ya fi ki baki a kasuwa ba a ja-in-ja da shi."

Na ce, "In na aika, me na ce wa duniya?"

"Ba ki ce komai ba. Za ta goge, magana ta mutu."

"Na ce ruɓaɓɓe muka aika ke nan. Kuma na koya mata cewa duk ranar da take son kifi kyauta, zagi ne kuɗinsa."

Ya ce ni dai na fiye taurin kai, tun yana neman aurena ya sani.

Ƙanwata kuma nata maganin daban ne. Ta zo gidan da zafinta, ta ce, "Yaya, ba ni wayar. Mu dangi kaɗan ne? Kowa ya buɗe shafi ya ba ki taurari biyar, ya rubuta ya ci kifinki ya lashe hannu. Kafin jibi nata ya nutse. Ita kuma ga lambarta ga hoton gidan abincinta, in na sa ta a gaba sai ta rufe shagon nan."

Na ce, "Su dangin sun saya ne?"

"Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ita ta yi ƙarya a kaina, ni kuma in tara mutane su yi ƙarya a kaina, don dai tawa mai daɗi ce? Lambarta kuma amana ce, don ciniki ta ba ni."

Ta tura baki ta ce a wannan zamanin irina ne ake takawa a wuce. Na ce to a taka, amma sai an ji ƙaya.

Na rubuta wa masu kula da manhajar, na nuna musu duk saƙonnin da muka yi. Suka amsa mini cikin ladabi cewa ra'ayin mai saye nasa ne, ba sa gogewa, amma ina da damar ba da amsa a ƙarƙashinsa. Ban ji haushinsu sosai ba. Da ana goge duk abin da mai kaya bai so, da taurarin ba su da amfani.

Kafin in rubuta komai na ga ya kamata mai kifin ya sani. Ranar Asabar na kama hanyar ƙauye. Mota ta kai ni inda ruwa ya tsayar da ita, daga nan na shiga kwalekwale. Ruwan ya shanye gonakin shinkafa, sai kawunan itatuwa a tsaye, mai tuƙi yana ratsa kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe mana magudanai, yana tsinuwa a hankali. Tun daga nesa na hango hayaƙin banda.

Na tarar da Baffa yana gyaran raga a inuwa, Inna tana bakin wuta tana juya kifi, idanunta sun yi ja. Shi Baffa, Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bayan mun gaisa na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Ita wannan kasuwar taku, ba a ganin juna?"

"Ba a gani, Baffa."

"Ba sarkin kasuwa da za a je gabansa?"

"Akwai masu kula, sun ce ba ruwansu."

Ya jinjina kai. "To Uwata, ruwa bai ƙare da kifi ba. Ba ta kwalin, ki sayi bakinta. Ni ban san ta ba, ita ba ta san ni ba. Abin da na sani shi ne in wayar nan ta yi shiru, dillalai ne za su dawo."

Wannan maganar ta fi ta kowa yi mini nauyi, domin shi ne zai ji a jikinsa, ba ni ba. Ni ina da albashi.

Inna ba ta juyo ba ta ce, "Karanta mini abin da ta rubuta."

Na karanta mata. Da na zo wurin mutanen ƙauye ba su san tsabta ba, na ga hannunta ya tsaya a kan kifin. Ita Inna ruwa take sauyawa tana sake sauyawa kafin tarwaɗa ta hau wuta, ta goge yauƙin da toka, ta ɗauraye, ba ta yarda ƙuda ya sauka. Ta ci gaba da juyawa.

Ta ce, "Kada ki ba ta ko ƙaya."

Baffa ya ce, "Ke kuma."

Ta ce, "Ni na tsaya a kan wutar, Malam. In za a yi kyauta da wahalata, ba wa wadda ta zage ni za a yi ba."

Baffa ya dube ta, ya dube ni, ya ce tunda mun haɗa kai shi ya cire bakinsa, amma mu tuna ya faɗa.

Da na dawo gida na zauna na rubuta amsar. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga, domin duk lokacin da na fara sai zagi ya so kutsowa. Abin da na bari daga ƙarshe shi ne:

"Hajiya, hoton da kika sa gaskiya ne, kifin ya yi fumfuna, kuma na yi baƙin cikin asararki. Amma kafin in aika na gaya miki a baki da a rubuce cewa a karɓa ranar da ya iso. Direba ya kira ki ranar, kika ce kina wurin biki. Kwalin ya yi kusan mako a tasha cikin damina. Aikina in aika kaya mai kyau in faɗi yadda za a kula da shi, na yi. Aikinki ki karɓa a kan lokaci. Kin ce in aiko miki da wani kyauta ki goge wannan rubutun. Ba zan aiko ba, kuma ban roƙe ki ki goge ba. Mutanen ƙauyen da kika ambata iyayena ne."

Na tura. Ba a jima ba ta kira.

Ta ce, "Ke har kin isa ki tona ni a gaban mutane? Kin san ko ni wace ce?"

Na ce, "Na san ke ce kika bar kifi a tasha, Hajiya. Bayan wannan ban san komai a kanki ba, ban kuma faɗi komai ba."

Ta ce za ta sa a rufe mini shafi, za ta sa ƙawayenta duk su guje ni. Na ce Allah ne mai ba da kasuwa. Ta kashe wayar.

Daga nan na buɗe wurin nan da masu sayarwa ba sa taɓawa, inda ake faɗin halin mai saye. Ƙanwata tana gefena tana cewa in ba Hajiyar tauraro ɗaya ita ma, ramuwar gayya. Na ba ta biyu. Na rubuta cewa tana biya a kan lokaci ba tare da jan rai ba, domin hakan gaskiya ne, amma ba ta karɓi kayanta ba sai da suka lalace, sannan ta nemi kyauta kafin ta janye zargi. Ƙanwata ta ce har yanzu ina yi mata adalci. Na ce ba don ita na yi ba, don mai kayan da zai karanta ne gobe.

Ba zan ce gaskiya ta yi halinta nan take ba. Sauran daminar nan kasuwa ta yi mini nauyi ƙwarai. Duk wanda ya buɗe shafina hoton fumfuna ne yake fara tarar sa, kuma ba kowa ne yake da haƙurin karanta abin da ke ƙasa ba. Kifi ya taru, dole Baffa ya kira dillalan da na raba shi da su, suka zo suna murmushi. Bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Gaisuwarsa ce kawai ta gajarce a waya, ni kuma na fi son ya yi faɗan. Maigidana ma in ya ga ina jujjuya wayar sai ya kau da kai. Akwai ranakun da na tambayi kaina ko girman kai ne nake kira gaskiya. Amma duk lokacin da na kai ga tunanin ɗaure wani kwalin in rubuta sunanta a kai, sai in ji hannuna ya ƙi.

Ana cikin haka wani mutum ya kira ni, ya ce daga Birniwa yake, zuma yake sayarwa a manhajar. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

Ya ce, "Malama, na ga abin da kika rubuta a kan matar nan. Ni ma ta yi mini. Ta ce zumata haɗi ce da sukari, ta sa tauraro ɗaya. Na aika mata da galan guda, ta goge."

Na ce, "Zumar haɗi ce?"

"Wallahi daga amya ta fito."

"To me ya sa ka aika?"

Ya ce yana da iyali. Ban ga laifinsa ba, na gaya masa haka. Ya ce akwai wata mai man riɗi a wajen Miga, ita ma haka aka yi da ita. Na nemi matar muka yi magana. Ta tabbatar mini, amma ta ce don Allah kada in sa ta a ciki, ba ta son fitina. Na ce ba zan sa ta ba, kuma ban sa ta ba. Shi mai zumar ya kwana biyu yana shawara, daga baya ya shiga ya rubuta nasa a ƙarƙashin nawa, gajere, ba zagi. Mu biyu ne kawai, amma yanzu duk mai kayan da ta tunkara zai iya dubawa ya san da wa yake ciniki.

Da ruwa ya janye, hanya ta buɗe, oda ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Wani mutum daga Jos ya ce mini sai da ya karanta zargin da amsar duka kafin ya saya, kuma amsar ce ta sa ya saya, domin yana son mai kayan da za ta gaya masa abin da ke kansa. Wasu kuwa sun tafi ba su dawo ba har yau. Na ƙara abu ɗaya a tsarina: ba na ɗora kwali a mota sai mai saye ya ba ni sunan wanda zai karɓa, na ji muryarsa da kunnena. Wanda ya ga hakan ya yi masa yawa, kasuwa faɗi gare ta.

Gab da azumi, lokacin da kowa yake neman kifi, sai ga odar Hajiya ta shigo, babban kwali, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na danna wurin ƙin karɓa. Ta kira, muryarta a sanyaye.

Ta ce, "Malama, ai abin nan ya wuce. Ciniki ya gaji haka. Na nemi irin kifinki ban samu ba."

Na ce, "Ya wuce, Hajiya, ba na riƙe da ke. Amma rubutunki yana nan, mutane suna karantawa."

"To zan goge."

"Kada ki goge. Ki ƙara layi ɗaya a ƙasansa, ki ce kwalin ya yi kusan mako a tasha kafin ki aika a ɗauka. In kin rubuta, gobe kifinki zai hau mota."

Ta ce in bari ta yi tunani, ta kashe.

Ba ta rubuta ba, ni ma ban sayar mata ba. Kwalin da ta so na ɗaure shi da yamma, na kai tasha da kaina, ya tafi Jos.